Jinkirin da Na Cire wa Auta a Kunne

Situdiyona ɗaki biyu ne a saman shagon wani mai sayar da katifa. A ɗaya nake zama da kwamfuta da lasifikoki. Ɗayan ɗan ƙarami ne na ɗaukar murya, na liƙe bangonsa da ragowar soson da maƙwabcin nawa yake yankewa ya zubar, sannan ga gilashi a tsakani. Ni na haɗa shi da hannuna, kuma ba na jin nauyin faɗa. Da na fara, har 'yan gidanmu cewa suke yi wai mace da jone-jonen waya sai ka ce an rasa maza. Yau mawaƙa a matakala suke zama suna jiran in kira su.

A gefen kwamfutar akwai wani akwatin sauti mai launin toka, na hannu na saye shi tun farkon farawa. Shi ke karɓar murya daga makirufo ya miƙa wa kwamfuta, ya kuma mayar wa mai magana da muryarsa a hedifon. Fentinsa ya goge, ƙafarsa ɗaya ta ɓalle na tokare da murfin kwalba. Aibinsa guda ne, muryar ba ta dawowa kunne nan take, takan makara kamar ƙiftawar ido. Mawaƙa sun tsani wannan abu. Akwai wani siririn mawaƙi da muke ce wa Tsinke, kullum sai ya cire hedifon ya ce, "Anti, wallahi akwai aljani a kunnena, duk abin da na faɗa sai ya maimaita." Dole na sayi wata 'yar ƙaramar mahaɗar sauti nake jona mawaƙa ta can don su ji kansu ba jinkiri. Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini ƙorafi ba, shi ya sa nake jona shi kai tsaye a akwatin. Wannan mutumin ƙanena ne, autanmu.

Auta da in'ina ya tashi, irin mai tsananin nan da kalma za ta maƙale masa har jijiyar wuyansa ta miƙe. A makaranta Janareta suke ce masa, wai sai an ja an ja kafin ya tashi. Na fasa wa yara baki a kan wannan suna ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma ko yau wani ya faɗa a gabana sai ya san ni ce yayarsa. Tun muna ƙanana na zama bakinsa. A shago, a asibiti, a gaban baƙi, da ya fara "Ina s-s-s" sai in ƙarasa masa, mu wuce. Da ya girma ya kama gyaran keken ɗinki, sana'ar da ba ta son surutu.

Wata rana wanda zai karanta mini tallar sabulu ya ƙi zuwa, ga Auta ya kawo mini saƙon Mama. Na ce ya shiga ɗakin ya sa hedifon ya faɗi ko mene ne, in daidaita sauti kafin ɗan rainin hankalin nan ya iso. Ya ɗauki takardar tallar ya fara karantawa. Jama'a! Murya ce mai kauri, a natse, kalma na bin kalma ba tuntuɓe ko ɗaya. Ya kai ƙarshe ya ɗago ya dube ni ta gilashi, ni kuwa hawaye sun riga sun wanke mini fuska. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, ranar na fara jin muryar ƙanena.

Ba mu san dalili ba. Ni na ce don ƙofa a rufe take ne ba idon kowa. Shi ya ce tsohon hedifon ɗin nan ne mai naɗe da salatif, har ya hana kowa taɓawa. Mama ta ce mu daina shirme, addu'arta ce. Da ya fito daga ɗakin in'inar tana nan tana jiransa a bakin ƙofa, amma a ciki shi ne sarki. Daga nan tallar sabulu, tallar makaranta, tallar katifar maƙwabcina, duk muryarsa ce. A motar haya yakan ji mutane suna kwaikwayonsa, yana zaune kusa da su shiru da akwatin sukudireba a cinya.

Sai ga wata dama da ba mu taɓa mafarki ba. Wata mata mai shirya shirye-shirye a gidan rediyo ta kira ni, ta ce muryar nan ta talla take so ta riƙa karanta dogon labari kowane mako, da kiɗa a ƙarƙashi. Ba tallar da za a ji a manta ba, shiri ne sukutum nasa shi kaɗai. Ta ce mai yi musu kiɗa zai turo fayil, ita kuma za ta zo da kanta ta zauna a ɗaukar farko kafin ta yanke shawara. Da na gaya wa Auta, zama ya yi a matakala ya rufe fuska da hula. Ban taɓa ganin yana son abu kamar wannan ba.

Fayil ya iso, manhajar haɗa kiɗana ta ƙi buɗe shi, wai da sabon samfuri aka yi. Na je sa sabon samfurin, shi ma ya ce ba zai zauna a kan tsohon tsarin kwamfutata ba, sai na sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da ita gaba ɗaya. Na daɗe ina kauce wa wannan, duk sanda saƙon sabuntawa ya fito sai in danna masa "sai an jima". Wannan karon ba mafita. Na kwashe ayyukan mutane na adana a wani wuri, na yi bismillah na danna.

Kwamfuta ta tashi fes, launi sabo, komai na walƙiya. Na jona akwatin sauti, shiru. Fitilarsa na ci, amma kwamfutar ta yi kamar ba ta taɓa ganinsa ba, abokin aikinta na shekaru! Matsalar daga direba ce, wato 'yar manhajar da ke fassara tsakanin akwatin da kwamfuta. Tsohon direban bai jin yaren sabon tsari, kamfanin da ya ƙera akwatin kuma ya daɗe da daina fitar masa da sabo. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Anti, ki jefar da wannan tsohon kawai." Na ce a jefar da uban wa? Akwatin da ya ciyar da ni?

Na hana kaina sakat. Na karanta abin da masu irin akwatina suka rubuta a intanet har idona ya yi ja, na saka wannan na cire wancan, kwamfuta ta sume ta farfaɗo. Mai katifa ya hau sama ya tambaya ko lafiya, don ya ji ina zagin wani kuma bai ga kowa ya shigo ba. A ƙarshe na gano ragowar tsohon direban ne suka maƙale a lungu-lungu suna hana ruwa gudu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na tumɓuke. Da na sake kunnawa, sabon tsarin ya karɓi akwatin da nasa direban na cikin gida, allurar sauti ta motsa. Na sa hedifon na ce "gwaji, gwaji", sai na ji muryata ta dawo nan take. Jinkirin nan ya tafi gaba ɗaya.

Kai, ranar na ji kaina! Na cire 'yar mahaɗar mawaƙa na jefa a kwali. Tsinke ya zo ya yi baiti biyu, ya fito yana tsalle yana cewa, "Anti, kin kashe aljanin! Wallahi ke ba mutum ba ce, injiniya ce." Na ce da can me ka ɗauke ni, mai wankin kai? Na kira Auta na ce ya zo mu gwada shafin farko kafin mai shirin ta zo, zai ga situdiyo sabo dal.

Ya zo da sabuwar riga. Ya shiga, ya sa hedifonsa mai salatif, ya gyara takarda. Na ɗaga masa yatsa.

"W-w-w-wata r-r-r..."

Ya tsaya. Ya sha ruwa, ya yi murmushi, ya sake. Kalmar ta maƙale a inda ta maƙale. Na ga jijiyar wuyan nan ta miƙe, wadda ban taɓa gani a cikin wannan ɗakin ba. 

Ba abin da ban gwada ba. Na kashe fitila, na juya masa baya, na sa labule a gilashin. Na canza makirufo na dawo da na da. Na ɗauko tsohuwar tallar sabulun da ya haddace, ita ma ta ƙi fita. Na ce fargaba ce, babban aiki ne, kowa ma zai ji. Ko kusa ban kawo akwatin a raina ba, ai shi ne abin da na gyara, kuma sautinsa bai taɓa yin kyau haka ba. Washegari ma haka, ranar da ta biyo baya ma haka. Auta ya rataye hedifon a ƙusa, ya sauka ya tafi. Ranar zuwan mai shirin kuwa sai matsowa take yi.

Ina zaune ina kallon allo da rana tsaka sai wayata ta yi ƙara. Auta ne, kuma shi ba ya kira, saƙo yake rubutawa. Shagonsa a can ƙuryar kasuwa yake inda sabis ba ya da kyau, layin sai ƙara yake yi.

"Yaya, ki saurare ni, kar ki katse ni. Ki kira matar nan ki ba ta haƙuri, ki ce ba ni da lafiya ko na yi tafiya, duk wanda ya fi miki sauƙi. Ba zan tsaya a gabanta ina kakari tana kallona ba. Dama abin aro ne, mai shi ya karɓi abinsa. Na gode da duk abin da kika yi mini, ki nemo wani, akwai masu murya da yawa a gari."

Na buɗe baki zan zazzage masa masifa, sai na daskare. Jimla nawa ke nan ya jero, ko gargada babu.

"Auta! Ka ji yadda kake magana kuwa?"

Ban jira ya amsa ba, na ƙara da cewa:

"Me kake ji a wayar? Gaya mini abin da ke shiga kunnenka yanzu."

"Layin ne ba kyau, Yaya. Duk abin da na faɗa sai ya dawo mini, kamar wani na maimaitawa a bayana."

Aljanin Tsinke! Na miƙe har kujera ta kife. Ashe wannan 'yar makarar da mawaƙa ke zagi, ita ce ke riƙe masa harshe ya tafi daidai. Shi kaɗai nake jonawa kai tsaye, shi kaɗai yake shan jinkirin tsawon shekarun nan, ni kuma na zo da gwanintata na share shi tas har ana yi mini kirari. Na ce, "Rufe shagon nan ka taho yanzu, ko in zo in ɗauko ka a ka."

Kafin ya iso na leƙa intanet, na ga ashe abin sananne ne, wasu masu in'ina sukan samu sauƙi in suna jin muryarsu a ɗan makare. Mayar da jinkiri ba wuya, sabuwar manhajar tana da abin da ke yin hakan da gangan. Na ɗora shi a kan layin hedifonsa kaɗai. Sai dai ban san gwargwadon na da ba, tsohon direban ya tafi da sirrinsa. Na ce ya yi ta karantawa kar ya tsaya. Na fara murɗawa a hankali. Da farko ba canji. Na ƙara, kalmomin suka fara sakin jiki. Na zarce, ya rikice ya harare ni. Na dawo baya kaɗan, sai kawai na ji ta, muryar nan mai kauri ta cika lasifika, ta bi shafin har ƙasa. Na adana saitin a wuri uku saboda tsaro, na yi guɗa har mai katifa ya buga silin da sanda.

Na ɗauka zai fito yana murna. Ya fito ya zauna a kan kwalin da na jefa mahaɗa, ya sunkuyar da kai.

"A-a-ashe b-ba ni ba ne," ya ce. "L-lalacewar a-akwati ce k-ke m-magana."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi wahalar nan duka, ya zo yana ba wa akwatin da ke tsaye da murfin kwalba muryarsa? Na finciko hannunsa na zaunar da shi a kujerata, na ce ya zuba ido. Na shiga ɗakin, na sa hedifonsa da ya hana kowa taɓawa, na ɗauki takardar. Ni da ko a cikin barci ba a fin ni magana.

"Wata rana da sa-sa-safe, wa-wani..."

Na tsaya. Muryata na dawo mini a makare tana taka mini harshe. Na sake da ƙarfi, abin ya ƙara lalacewa. Na san kalmar, ina ganinta a takarda, tana nan a bakina, amma ta ƙi fita yadda nake so. Na ja, na maimaita, gumi ya karyo mini. Ta gilashi na hango Auta yana dariya har yana riƙe ciki. Can ya daina. Ya zauna yana kallona, bai ƙarasa mini kalmar ba ko da yake ya haddace ta, ya jira har na fitar da ita da kaina. Sannan ya danna maɓallin da ake magana da na cikin ɗakin.

"Y-yaya. H-haka n-nake ji k-kullum."

Na cire hedifon na tsaya a wurin. Tausayinsa ya kama ni, amma abin da ya fi ƙarfi a raina girmansa ne da na gani. Ni shafi ɗaya ya gagare ni har ina neman yin kuka, shi kuwa da wannan yake sayen burodi, da shi yake ciniki da masu keken ɗinki, da shi ya yi ta amsa tambayar malamai yara na dariya.

Na fito na ce, "To malam, in akwatin ne mai muryar, ina tawa? Jinkiri ɗaya muka sha, ni ya ɗaure ni, kai ya sake ka. Gilashin idon Baba shi yake karanta masa jarida? Muryar taka ce, wannan kawai gyara mata hanya yake yi. Tashi ka ba ni wuri, ka ɓata mini saitin kujera."

Da zai tafi ya ɗauki takardun labarin ya sa a aljihu.

Ranar da aka sa, mai shirin ta hawo da jakarta da biro a hannu, mace mai kamala wadda ba ta da lokacin wasa. Na gabatar mata da shi na ce ga mai muryar. Auta ya ɗan rusuna.

"B-b-barka da z-z-zuwa, r-ranki ya d-daɗe."

Na ga fuskarta ta canza. Ta dube shi, ta dube ni, irin kallon da ke cewa ko dai an yi kuskure. Bayani ya cika mini baki, na direba da na jinkiri da na komai, har na ja numfashi zan fara. Auta ya wuce ta gabana ya shiga ɗakin ya ja ƙofa. Ya sa hedifon, ya gyara takarda, shi ya ɗaga mini yatsa wannan karon.

Na saki kiɗan. Ya bari ya ɗan tafi, sannan ya shigo. Ya yi muryar tsoho, ya yi ta yarinya, ya sassauta a inda labarin ke son a sassauta, ya yi shiru a inda ko ni ban san ana shiru ba. Wannan ba akwati ba ne ya koya masa, mutum ne da ya yi rayuwarsa yana sauraron yadda wasu ke magana. Mai shirin ta fara rubutu, can ta ajiye biron a cinya ba ta sake ɗauka ba. Mai katifa ya hawo zai yi ƙorafin wani abu, ya tsaya a bakin ƙofa da soso a hannu har aka gama babin. Ni kuwa ina zaune ina kumbura, ji nake kamar in buɗe taga in gaya wa duk mai wucewa cewa ƙanena ne, cikinmu ɗaya.

Ya fito yana share gumi, ya bar hedifon a ƙusa. Mai shirin ta juyo wajena, kamar yadda kowa ke yi tun muna yara.

"Muryar ta yi, ba ni da ta cewa. Amma aikin kowane mako ne, ba fashi. Kina ganin zai iya riƙewa?"

Amsar tana kan harshena, a shirye, da ƙarin bayani ma. Na haɗiye ta.

"Ga shi nan, ranki ya daɗe. Ki tambaye shi."

Ta juya ta dube shi. Auta ya buɗe baki, kalmar ta maƙale. Jijiyar wuyansa ta miƙe, leɓensa na rawa, fanka na juyawa a sama. Na damƙe hannun kujera da hannu biyu na danne bakina. Ba wanda ya motsa, ba wanda ya taya shi, shi kuma bai sauke idonsa daga nata ba.

"Z-z-z-zan iya," ya ce.

Ta ɗauki bironta, ta tambaye shi wace rana ce ta fi masa sauƙi.